Awon da Harun Ya Bari

Galtimari, Maiduguri.

Zuwa ga ɗana Harun,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, yaya aiki, yaya zaman Fatakwal da ruwan samanta da aka ce ba ya ɗaukewa? Mu nan lafiya lau, sai gwiwa da kunne, su kuwa ka san halinsu. Yayarka Zainaba tana gaishe ka. Takan leƙo daga Umarari da abinci idan hidimar yara ta bar ta.

Na ba Garzali direba wannan takarda, tunda can motarsu ta shanu ke saukewa. Kada ka ce me ya hana ni kira. Na gaji da manna waya a kunne ina cewa na'am alhali ban ji komai ba.

Maganar keken nan ce da ka ɗaura wa inji kafin ka tafi. Allah ya yi maka albarka, don ba domin shi ba da tuni na zama kayan ɗaki. Kullum da hantsi nakan hau in tafi Shehuri wurin Ba'ana. Tun rasuwar mahaifiyarku, a cikin waɗanda muka yi zamani tare a Kasuwan Shanu shi kaɗai ya rage mini, ga shi yanzu ko zaure ba ya iya fitowa. Shi ba ya gani sosai, ni ba na ji sosai, amma muna shan shayinmu, yana tsokanata da Kanuri ina ramawa da Fulatanci. Ya ce warin hayaƙina ke riga ni yin sallama, wai Bafulatani ya rasa saniya ya koma hawan janareta.

To, hayaƙin ne damuwata. Ina nan kan awon da ka nuna mini: kowace lita ta fetur, baƙin mai cikin ƙaramin gwangwanin tumatir guda, a girgiza a gora kafin a zuba a tanki. Ban taɓa ragewa ba, ban taɓa ƙarawa ba. Amma kwanan nan injin tari yake yi, salansa, bututun hayaƙin nan, tana ɗigar da wani baƙin abu kamar kwalta, har ta ɓata mini farar rigar Juma'a. Da safe sai na taka feda har ƙarshen layi kafin ya kama, gwiwar da aka sa injin dominta ita ke shan wahalar.

Ka rubuto mini abin da zan yi. Garzali zai jira amsa idan ka ce ya jira. Allah ya tsare mini kai.

Ni ne mahaifinka,
Habib.

Galtimari, Maiduguri.

Ɗana Harun,

Assalamu alaikum. Ina fata kana cikin ƙoshin lafiya kai da abokan zamanka. Garzali ya ce ya ba ka takardata hannu da hannu, amma kana sauri za ka shiga aiki. Ba komai, na san aikin mutane ba ya jira.

Injin ya tsaya cak. Na tura shi zuwa rumfar Justin makanike da ke bakin layinmu. Ya kwance fulogi ya nuna mini, baƙi ƙirin, ya jiƙe da mai. Da na faɗa masa awona sai ya dafe kai. Ya ce wannan awon na sabon inji ne, ana yinsa a tankunan farko kawai don ƙarafan ciki su saba da juna, daga nan sai a koma rabin gwangwani, wai ɗaya cikin talatin da biyu a lissafinsu. Ya ce ni nake shaƙe injin da hannuna. Mai sayar da fetur a kwalba ya sa baki ya ce a'a, ɗaya cikin ashirin da biyar. Maƙwabcinmu mai janareta ya ce shi ɗaya cikin hamsin yake yi, kuma bai taɓa ganin hayaƙi ba. Kowa da nasa, kamar ranar da dillalai suka kewaye bijimin sa guda.

Na ce wa Justin ya wanke fulogin kawai, awo kuwa ba zan taɓa ba. Shi kansa ya yarda cewa idan mai ya yi kaɗan, inji ƙonewa yake yi gaba ɗaya, ba gyara. Ni kuma da na tashi cikin dabbobi, ban taɓa ganin wadda ta lalace don an kyautata mata ba. Ban da haka, kai ka haɗa injin nan, kai ka tsuguna a tsakar gida ka cika gwangwanin ka ce haka zan riƙa yi. Na san kiran aiki ya zo maka bagatatan, ko tankin farko bai ƙare ba ka tafi. In akwai sauran bayani, daga bakinka nake so in ji shi. Justin ya ce taurin kai ne. Na ce ya kira shi abin da ya ga dama.

Da wankakken fulogi na je Shehuri sau ɗaya, a dawowa ya sake mutuwa, sai turo shi na yi. Tun ranar ban fita ba. Keke Napep ba ya shigowa lungunmu tun da ambaliya ta cinye hanyar, daga gida zuwa titi kuma gwiwa ba ta kai ni. Ba'ana ya aiko a tambaya ko na riga shi tafiya ne ban sallame shi ba. Na yi dariya, amma Zainaba ta ce ƙafafunsa sun kumbura, kuma ya rage cin abinci. Ina tsoron ya tafi ban gan shi ba, Harun.

Gidan nan ya yi mini girma. Idan hantsi ya yi nakan sa hula kamar mai fita, sai in zauna a zaure kusa da keken in goge masa ƙura. Ina kewarka, ba zan ɓoye maka ba. Ko layi ɗaya ne ka rubuto: cikakken gwangwani ko rabi.

Ka gaida mutanen gidan da kake.

Mahaifinka,
Habib.

Galtimari, Maiduguri.

Ɗana Harun,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Da fatan kana lafiya, aiki kuma yana tafiya yadda kake so. Saƙonka ya iso ta bakin Garzali: a tambayi Justin, ya fi ka sani. Ya kawo shaddar da ka aiko, na gode, Allah ya ƙara buɗi.

Raina ya ɓaci, gaskiya. Na zauna ina juya maganar, na ce ashe duk tsaron da nake yi wa awon nan, mai awon ma ya manta da shi. Ko abincin Zainaba ban taɓa ba ranar.

Ina cikin haka sai kakanka ya faɗo mini a rai, lokacin muna yara a ruga. Idan maraƙi ya isa yaye, yakan ɗaura masa ƙaya a hanci, da ya je shan nono uwar ta ji zafi ta ture shi. Ni da nake ganin mugunta ce, na taɓa kwance wa wani maraƙi ƙayar a ɓoye, na sha bulala. Kakanka ya ce nonon da ya raya shi jiya, shi zai hana shi koyon kiwo yau. Ni da na yi shekaru ina faɗa wa masu saye wannan magana a kasuwa, sai ga ni ina ɗura wa inji nonon jarirai har ya shaƙe.

Washegari na tura keken wurin Justin. Bai goranta mini ba, Allah ya saka masa. Ya kwance salansa ya ƙone dattin cikinta, ya sa sabon fulogi. Da ya miƙo hannu zai auna mai sai na hana shi. Na zuba rabin gwangwani da kaina, ina jin kamar ina rage maka wani abu. Taku biyu na yi wa feda ya kama. Ba tari, hayaƙin ma sai ka duba da kyau.

Na samu Ba'ana a kwance, ya rame ƙwarai. Har na zauna a bakin gadonsa bai san na shigo ba, sai da na kama hannunsa ya zabura. Ya ce kullum da hantsi yakan sa a buɗe masa taga yana shinshina iska ko zai ji warina, yau kuma na zo masa kamar ɓarawo. Ya zage ni son ransa, ya sha kunu rabin kofi a hannuna. Iyalinsa sun ce rabonsa da shan haka an jima. Ban san kwana nawa Allah ya bar mana ba, amma gobe ma da hantsi ina can in sha Allahu.

Gwangwanin yana nan, na sa Justin ya yi masa zane a tsakiya da ƙusa. Ba sai ka damu da amsa wannan takarda ba, ka riƙe aikinka da kyau, na yafe maka duniya da lahira.

Abu ɗaya ne kakanka bai faɗa mini ba, sai yanzu na tuna da kaina. Maraƙin kwana kaɗan yake yi yana kuka, sai ya bi garke ya kama cin ciyawa. Uwar ce take daɗewa tana waiwaye. Injin ya yayu, kai ma na ga ka yayu, alhamdu lillahi. Saura ni.

Zainaba da yaranta suna gaishe ka, Ba'ana ma ya ce in gaishe ka. Allah ya yi maka albarka, ya sada mu da alheri.

Ni ne mahaifinka mai ƙaunarka,
Habib.