Ba Ma So 'Yarmu Ta Zaɓa Tsakaninmu

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle.

Ni tela ce, mijina malamin makaranta. A zuci, aurenmu ya daɗe da mutuwa. Ba duka, ba zagi, zaman ne kawai ya ƙi. Yayana da kawun mijina suka zaunar da mu, aka yi magana ta hankali, muka yarda mu rabu cikin mutunci. Har na fara haɗa kayana sai maganar sabuwar dokar nan ta ɓullo, wai yanzu alƙali yakan kira yaro ya tambaye shi wurin wa yake son zama.

'Yarmu ɗaya, shekararta tara, 'Yar Baba muke ce mata. Ban san a bakin wa ta ji ba, amma ina zargin matan da ke zuwa awo shagona, bakinsu ba ya shiru. Rannan ina guga ta zo ta tsaya a kaina, wai idan ta zaɓi Baba zan daina sonta? Ashe shi ma ta yi masa irin tambayar a kan babur, a hanyar makaranta. Tun daga nan yarinya ta rame. Idan ta fara cin abinci kusa da ni, sai ta ɗauki kwanon ta je ta ƙarasa kusa da shi, kada wani ya ji haushi.

Sai muka fasa rabuwar. Yanzu yana falo da katifarsa, ina ɗaki da keken ɗinkina. Gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma don idon yarinya. Da na ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofa sai in san shirun nan zai dawo. Mahaifiyata ta ce in haƙura har yarinyar ta girma. Anti, in na tafi na tsayar da 'yata gaban alƙali, in na zauna ji nake kamar an binne ni da rai. Ina zan sa kaina?

Tela mai ɗakin ciki

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Ke da maigidanki kun nuna kuna son yarinyar nan fiye da kanku, kuma mahaifiyarki ma tsoron halin da jikarta za ta shiga ne ya sa ta ce ki haƙura. Amma ki duba da kyau: yarinyar da ke raba kwanon abincinta gida biyu ta riga ta shiga halin da kuke gudar mata.

Kun tsayar da rayuwarku a kan labarin shago. Ku je wurin lauya tare, ya karanta muku abin da dokar ta ce a inda kuke. Ku tambaye shi ko jin ta bakin yaro yana nufin shi zai yanke hukunci, da kuma abin da kotu ke yi idan iyaye sun zo da yarjejeniyarsu: inda za ta kwana, wa zai kai ta makaranta, yadda za a raba hutu. Idan ku biyu kun ga akwai sauran gyara a auren, ku nemi mai sulhu da gaske. Katifa a falo ba sulhu ba ce.

Kafin duk wannan, yau ɗin nan ku zaunar da 'Yar Baba a tsakiyarku. Ku faɗa mata da baki ɗaya cewa wannan maganar manya ce, ku za ku ɗauki nauyinta, kuma duk inda ta kwana tana da uwa tana da uba. Shi ya fara faɗa mata, ke ki maimaita.

Allah Ya sassauta muku, Ya raya ta cikin kwanciyar hankali.