Daga Na Biyu Zuwa Ta Ɗaya

Zuwa ga Fuatino, sanyin idona, ruwan ɗanyar kwakwata a tsakar rana, farin watan da ke kwanciya a kan tekun tsibirinmu Savai'i. Zuwa ga wadda ta kayar da ni a lissafi, ta kayar da ni a Turanci, ta dawo ta kayar da ni a so, ban kuwa ɗaukaka ƙara ko sau ɗaya ba. Gaisuwa mai tarin yawa daga Peniamina, na biyu a aji, na biyu a gunduma, mai roƙon Allah Ya bar masa na ɗaya a wuri guda tak.

Ya abar ƙaunata, in kin ga takardar nan ta yi laushi, tawada ta zuba a gefe, kada ki ce hawaye ne. Da ma hawayen ne, da na fi daraja. Ruwan teku ne. Zan zo kan wannan, ki yi mini haƙuri irin wanda kika saba yi mini a aji in na ɗaga hannu da amsar da ba ita ba.

Kin tuna ranar rabon kyaututtuka? Kai, ji wata tambaya! Ai ko karnukan ƙauyenmu ba su manta ba. Gurbi ɗaya ne 'yan gundumarmu mazauna birnin Auckland, can ƙetaren teku, ke bayarwa duk shekara, wanda ya fi kowa maki a makarantarmu su ɗauke masa nauyin jami'a. A gidanmu kuwa tun ina ƙarami aka yanke hukunci cewa nawa ne, hujjarsu ita ce ina sa tabarau. Gwaggona Talaleu ta riga malam masallaci. Ta share kantin ƙauye kaf har yara suka rasa alewar saya, ta tara matan gida suka duƙufa ɗinkin sarƙoƙin alewar da za a rataya mini a wuya, sai da kwando ya cika ya yi toro. Aka gasa gwaza da kifi a murhun duwatsu. Kakata ta ɗaura sabon zane, ta sha man kwakwa tana sheƙi, har gwajin rawa ta yi a tsakar gida.

Shugaban makaranta ya miƙe, ya gyara murya, ya ce, "Gurbin bana ya faɗa hannun…" Bai rufe baki ba dangina suka tashi da waƙa. Ni ma, kaicona, na ɗaga daga benci ina gyara ɗaurin zanena, ina shirya murmushin tawali'un da na kwana biyu ina gwadawa a madubi. Sai aka kira sunanki. Wayyo ni Peni! Waƙa ta mutu a maƙogwaron dangina, amma kakata da kunnenta ya yi nauyi tana can tsakiyar fili tana lanƙwasa hannu abinta. Gwaggo na jan zanena tana cewa, "Zauna mana, ɗan nema! Ka tsaya ƙiƙam kamar ginshiƙin zaure." Na roƙi ƙasa ta tsage na shige, ta ƙi. Ita ma da alama ke take goya wa baya.

A lokacin nan kika fito, ya hasken ranata, kina takawa a hankali kamar ba ke kika kifar da gida guda ba. Na duba inda danginki ya kamata su cika, ba kowa sai mahaifinki, tsoho Lauvao da ido ya daina gani, riƙe da sarƙar fararen furanni guda ɗaya da ya ɗinka da lalube. Ya ɗaga ta sama yana neman kanki a iska, sai da kika sunkuya kika sa wuyanki da kanki. Fuatino, nan kishina ya narke, kunya ta maye gurbinsa, so kuma ya danne su duka. Ban san lokacin da na fizge kwandon daga hannun Gwaggo ba. Tana ihu, "Kai! Da sunanka aka ɗinka su!" ni kuwa ina rataya miki ɗaya bayan ɗaya, har alewa ta rufe wuyanki, ta rufe haɓarki, ta rufe hancinki, idanunki kaɗai suka rage. Kika ce daga can ciki, "Peni, ba na iya numfashi." Na ce ni ma. Har yau ban samu sauƙi ba.

To, yanzu ga abin da ya hana ni sakat. Matar fasto, wadda magana ba ta taɓa kwana a bakinta ba, ta shaida mini kina shirin mayar da gurbin. Wai in kin tafi, wa zai zauna a goshin kwale-kwale ya zama idon mahaifinki, ya nuna masa ƙofar da ke tsakanin duwatsun teku? Kin kuma san doka: in ta ɗaya ta ƙi, sai a ba na biyu. Shi ya sa Gwaggo ta fara gaishe ki da haƙora talatin da biyu a hanyar coci, har ta sake leƙa kantin alewa.

Ba zan yi miki ƙarya ba, da na ji, zuciyata ta yi tsalle sau biyu: ɗaya don ba za ki tafi ba, ɗaya don ni zan tafi. Sai da na zauna da ɗan lissafina na na biyu, sannan na gano cewa in kin zauna na tafi, ai an dai rabu, kuma an rabu da ke a ƙasa ni a sama, alhali kowa ya ji sunan da aka kira. Da wane ido zan shiga jami'ar? Da wane baki zan amsa in an ce ga gwanin Savai'i? Don haka na je na sami shugaban makaranta, na ce masa ko an ba ni ba na so. Kin ga ke nan in kika ƙi, gurbin zai gangara kan na uku, Uelese, mutumin da ya taɓa tambayar malami ko watan Auckland shi ne irin namu. Haba, Fuatino! Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi? Ki tausaya wa gunduma.

Batun idon mahaifinki kuwa, an samu, ko da yake na haya ne. Na je wajen mahaifinki na ce ya ɗauke ni. Ya shafa dantsena ya ce, "Wannan hannu ne ko igiyar shanya? Ka iya tuƙi?" Na ce na karanta yadda ake yi. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ranar farko ban ga ƙofa ba, ban ga duwatsu ba, abin da na gani kawai shi ne karin kumallona yana komawa teku. Tsohon ya ce, "Ci gaba, yaro, kifi na taruwa." Gishiri ya rufe tabarauna, na ce masa dama alhali hagu ce, muka gogi dutse, ya kira kakannina da sunansu ɗaya bayan ɗaya. Ruwa dai ba sa'an kwando ba ne, ni ne kuwa kwandon.

Amma jiya, ya tauraruwata, jiya na ga ƙofar! Inda ruwa ya yi duhu, ya kwanta lumui, kumfa ba ta tashi. Na nuna, ya bi, muka wuce ko ƙwarzane babu. Na jira yabo ina haki. Can ya ce, "Fuatino ta fi ka, amma ba mu mutu ba." Na biyu ke nan kuma, har a teku. Da muka ja kwale-kwale kan yashi sai ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ya ce, "Ka gaya mata ban ɗinka furen nan don ta zauna tana duba mini duwatsu ba. Ni in na buɗe baki a gabanta, kuka zai riga ni." To, na isar da saƙo.

Wane irin masoyi ne ke rubuta wa masoyiyarsa cewa ta tafi ta bar shi? Sai irina, wanda ko a so ma amsarsa a juye take fitowa. Amma ki tafi, Fuatino. Ki tafi, ko da yake tsoro ya cika ni fal. Ina tsoron samarin Auckland masu takalmi sau-ciki da Turanci ta hanci. Ina tsoron ranar da za ki dawo ki tarar da ni baƙi wuluk ina warin kifi, ki yi mini gaisuwar baƙo. Ina tsoron Lahadi, in na waiga bencin mawaƙa na ga wurinki wayam. Duk da haka na fi tsoron ki zauna, wata rana ki dubi jirgin da ke wucewa, sannan ki dube ni.

Alewa ɗaya ta faɗo daga wuyanki ran nan, na tsince ta na ɓoye a aljihu don ta zame mini abin tunawa. Kiyashi suka gano ta ana tsakiyar wa'azi, suka cinye ta, suka haɗa da cinyata, na yi tsalle har fasto ya zaci Ruhu Mai Tsarki ne ya sauko mini. Ledar dai tana nan, na wanke ta na adana.

Na yi miki alkawari, muddin kwale-kwalen mahaifinki zai fita, akwai ni a goshinsa, da amai ko ba amai. Ranar da za ki dawo kuma za ki same ni a bakin tashar jirgi da kwando cike da sarƙoƙin alewa, wannan karon da sunanki za a ɗinka su, ko da Gwaggo za ta yi wata ba ta yi mini magana ba. Ki je ki zo ta ɗaya a can ma, ni na saba da tsayawa a bayanki, wurin bai taɓa yi mini ƙunci ba. Abu ɗaya kawai nake roƙo: ranar da za ki tashi kiran sunan wanda ya ci gurbin zuciyarki, kada na sake miƙewa a kira wani.

Naki a tudu, naki a ruwa, har ranar da teku za ta ƙafe na huta da amai,

Peniamina