Baƙon Baba a Ƙofar Otal

Abuja

Yaya Hidaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da ɗalibanki na Tambuwal. Albishirinki! Otal ɗinmu zai buɗe reshe a Doha, kuma sunana na cikin waɗanda ake dubawa. An ba mu tarihinsa wajen horo: wani tsoho ne ya fara shi a bakin teku, yana saukar da matafiya a ɗakunan gidansa. Yau ga rassa har London da Istanbul. Na ce ashe abokin sana'ar Baba ne, wanda zaurensa na Kebbe bai taɓa rabuwa da baƙo ba.

Ƙaninki,
Shafi'u

Tambuwal

Shafi'u,

Wa'alaikumus salam. Ajiye zancen Doha tukuna. Hoton da ka aiko a gaban otal, babu wanda Baba bai nuna wa ba a kasuwa. Da amininsa Kawu Ɗangiwa zai je asibitin ido a Abuja, Baba ya hana shi neman masauki, wai ɗansa na can da gidan baƙi. Da Kawu ya dawo, na tambaye shi labarinka, ya sunkuyar da kai. Me ya faru?

Yayarka,
Hidaya

Abuja

Yaya,

Bayan gaisuwa. Kawu ya zo, tabarma a kafaɗa, jarkar man shanu a hannu. Ina tsaye a ƙofa cikin kayan aiki, manaja na gefena, manyan baƙi na shiga. Ya ɗaga murya ya kira sunana. Na ce masa, da Turanci, ya matsa daga hanya. Da na tashi aiki na neme shi, masu gadi suka ce ya nufi tasha. Mutumin da ya yi mini huɗuba ranar da aka haife ni! Kunya ta hana ni kiran Baba. In ya ji, da wane ido zai kalli mutanen Kebbe?

Ki yafe ni,
Shafi'u

Kebbe

Ɗana Shafi'u,

Gaisuwa mai yawa. Hidaya na sa ta rubuta min wagga takarda. Ɗangiwa ya faɗa ma jama'a bakin masallaci ka tarbe shi hannu bibbiyu, ka kwantar da shi bisa gado mai laushi. Ka fidda ni kunya, Allah shi yi ma albarka. Man shanu kuwa, ya ce mancewa ya yi bai ba ka ba. Ga shi nan na aiko.

Babanka,
Abdulkarimu