Filaye Huɗu da Aka Bari Fayau

Zuwa ga Autata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, yaya jikin naki? Yaya kumburin ƙafar? Tunda maigidanki ya karɓe wayarki saboda hawan jinin nan, sai na koma biro da takarda. Ki bi maganar likita ki kwanta har Allah ya sauke ki lafiya, don na san halinki. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Babanki da ke tashi in hadari ya haɗu.

To, aikin da kika bar mini a bayan gida ina yi, amma wallahi kaina ya ɗaure. Filaye takwas, huɗu kin shuka musu ciyawar kiwo, huɗu kin bar su fayau ba ko tsinke. Duka na watsa musu taki daidai da gwangwanin da kika auna. Auta, tun da nake ban taɓa ganin an ba ciyawa taki ba. Mu da muka tsufa muna cire ta! Maƙwabciyarmu mai awaki ta leƙo ta katanga ta tambaye ni ko lafiya. Na ce karatu ne. Ta ce Allah ya sawwaƙe.

Kwalaben da kika binne ƙarƙashin filayen suna tara ruwa in an yi sama. Ina zuƙowa da sirinji, in tsoma 'yar takardar gwajin, in ɗauki hotonta da wayata. Ta masu ciyawa da ƙyar take sauya launi. Ta fayau ɗin kuwa jawur take yi. Wacce ce mai kyau? Babanki ya ce ja alamar ƙarfi ce, mutumin da ko barkono bai taɓa shukawa ba.

Na dai riƙe abu ɗaya. Kin ce da ruwan kwalaben nan za ki rubuta aikin gama digirinki, kuma daminar bana kaɗai gare ki. Shi ya sa ko kaza ba na bari ta taka wurin.

Babanki yana gaishe ki.
Taki,
Mama

Zuwa ga Autata,

Ina gaishe ki, ina gaishe da maigidanki. Yaya nauyin jiki? Allah ya raba lafiya.

Amsarki ta iso tun kwanaki, ruwa da aiki suka hana ni zama. Na karanta na sake karantawa. Abin da na gane shi ne, akwai waɗansu ƙwayoyin halitta a ƙasa da ido ba ya gani, su ke juya taki ya zama wani sinadari wai shi naitiret, wanda ke sa takardar gwajin ta yi ja, shi kuma ba ya zama, ruwa na zuwa ya bi shi ƙasa. Saiwar ciyawar kuma tana fitar da wani abu da ke kashe musu jiki, sai takin ya tsaya inda shuka za ta ci. Ikon Allah. Ciyawa ke nan tana gadin taki. Yadda aka yi aka gano ƙwayoyin da ba a gani, wannan na bar muku.

Amma layinki na ƙarshe ya hana ni sukuni. Kin ce abin da ya zurare yakan gangara har rijiya, kuma ba ya yi wa jarirai kyau. Auta, kin manta inda rijiyarmu take? Gangaren filayen nan ne fa. Nan za ki zo da jikana, ruwan nan za a dafa masa. Ni kuma kullum ina tsoma takarda ina kallon ja, ina ɗaukarsa hoto kamar wani ango.

Na ga kin rubuta cewa da na fayau ɗin ake kwatance. To ai an kwatanta, an ga amsa, me kuma ake jira? Sai na tsattsago ciyawar daga gefen masu ita, na dasa a huɗun nan layi-layi. Bayana har yau bai daina ciwo ba. Ta kama kuwa, ta rufe ƙasa shar, har mai awaki ta fara yi mini fara'a. Albishirinki, jan yana ta raguwa. Jiya da na jera takardun takwas, da ƙyar na bambance su.

Ki kwantar da hankalinki, an shawo kan abin.

Taki,
Mama

Zuwa ga Autata,

Barka, barka da arziki. Allah ya raya mana shi, ya ba ki lafiyar shayarwa. Babanki sai da ya zagaye unguwa da gwiwar tasa yana faɗa wa mutane. Maigidanki ya ce wasiƙata ta biyu tana aljihunsa, ta same ki a asibiti bai ba ki ba. Ki karanta ta kafin ki ci gaba da wannan.

Yau malaminki na jami'a ya zo duba filayen, mai gilashin nan. Na kai shi bayan gida da murnata. Ya tsaya ya dubi dama ya dubi hagu, ya tambaye ni ina na fayau ɗin. Na nuna masa, na ba shi labari tas, har da takardun. Sai ya kifa bokiti ya zauna a kai, ya cire gilashin ya riƙe.

Bai yi mini faɗa ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Ya ce ba a yanke hukunci da ruwan farkon damina, sai an bi jan nan har ruwa ya ɗauke. Ya ce ɓarnar da filaye huɗun ke yi ita ce shaidarki. Na ce yanzu sai an bar taki ya lalace da gangan kafin a yarda yana lalacewa? Ya ce haka ne. Na yi maganar rijiya, ya ce takin gwangwanin nan bai kai ya taɓa ta ba, kuma da na tsoma takardar a ruwan guga da na gani da idona. Wallahi ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba.

Na ɗauko fartanya zan tuge ciyawar a gabansa. Ya riƙe ƙotar ya ce, "Mama, bari. Saiwar ta riga ta yi aikinta a ƙasa."

Ya ce sai damina mai zuwa. 'Yan ajinku za su gama bana ban da ke.

Har yanzu ban gane ba, Auta. Ke kika ce ciyawar tana tsare taki, na sa ta ta tsare, ta kuwa tsare. Maganarki ta fito gaskiya a filaye takwas maimakon huɗu, kuma wai shi ne ya rusa aikin. Na juya abin ta kowace fuska, kaina sai ƙara kullewa yake, zuciyata kuma ta ƙi daina zafi.

Ya ce shi zai sanar da ke. Na roƙe shi ya bari takardata ta riga shi, don bai kamata ki ji daga bakin wani ba. In faɗa za ki yi, ki yi, zan saurara har ki gama. Shirunki ne ba zan iya ɗauka ba.

Ki shafa mini kan yaron.

Mahaifiyarki,
Mama