Kason Mai Ruwa

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Yaya ciwon gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, raina a ɓace yake. Ka san babbar kwamfutar sashenmu da nake kula da ita, wadda mutum arba'in ke tura mata aiki daga teburansu. Ni na yanka wa kowa kasonsa na ƙwaƙwalwarta, don kada wani ya cinye na wani. Shekara biyu ba a ji kanmu ba.

Ranar Litinin Farfesa, shugaban sashe, ya tare ni a bakin matakala, ya ce in cire masa iyaka, shi ba ɗalibi ba ne da za a riƙa auna masa. Na ce injin cike yake. Ya dube ni sama da ƙasa ya wuce. Sai na tuna huɗubarka ranar da ka samo min aikin nan, cewa ba a ja da na sama. Na cire.

Kafin la'asar aikinsa ya lashe komai. Injin kuwa idan ya shaƙe, da kansa yake kashe aikin wani don ya numfasa. Na wata ɗaliba ya kashe, wadda muke kira Mai Ruwa saboda lissafin ruwan sama take yi. Kwana goma sha tara aikinta yana tafiya, saura biyu ya gama. Ranar Alhamis ake rufe karɓar kundin digiri. Wanda bai miƙa ba sai baɗi.

Ka gaida kowa.

Ƙaninka,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa, na ga amsarka. Ka ce in yi haƙuri, ai ba ni aka kora ba. Na gode.

An yi taro. Farfesa ya ce bai tuna ya ba ni wani umarni ba, rajistar injin kuma sunana ta nuna. Aka yanke cewa ɗalibai ne ke cika injin, a rage musu rabin kasonsu. An bar jaki ana dukan taiki. Wa ka ke tsammani aka sa ya rage? Na zauna na rage, Yaya, da hannun nan.

Jiya Mai Ruwa ta shigo ofishina. Na shirya wa zagi, wallahi da ta zage ni da na ji sanyi. Sai ta gaishe ni da ladabi, ta ce ba za ta iya wata shekarar ba, gida za ta koma. Ta roƙe ni in goge fayilolinta, kada ta tare wa wani wuri. Har godiya ta yi min, wai ni kaɗai ke kula da ƙananan mutane a sashen nan.

Ban goge ba tukuna. Ban kuma gaya mata ni na cire wa Farfesa iyakar ba. Kai da ka iya shawara, ka faɗa min wanne zan fara.

A gaida Anti.

Ƙaninka,
Auta