Rasuwar Gwaggo Tela, Wadda Ta Bi Sawun Kurumta Ta Ɗakin Uwa

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Iyalan da Allura Ta Kurumtar tana sanar da 'ya'yanta, da likitocin da ke aiki tare da ita, da sauran jama'a, cewa ta sami labarin rasuwar uwarta, wadda ta kafa ta, shugabarta ta farko, Hajiya Gwaggo Tela, da hantsin Talata a ɗakinta, bayan gajeriyar jinya, tana da shekara sittin da huɗu. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Marigayiya ta rasa jinta tana 'yar shekara goma sha tara, bayan wata allurar kashe ƙwayoyin cuta da dubban mutane ke warkewa da ita lafiya lau. Haka ya faru da ƙanenta, mahaifin mai wannan sanarwa, da wasu mutum tara a dangi. Ba ta taɓa yarda a tausaya mata ba. Shekara arba'in tana ɗinki tana karanta leɓen mutane, kuma duk wanda ya juya baya ya yi gulmarta, kamar yadda wasunmu suka sha gwadawa, ta madubin shago take kama shi, sai dai ya ji sandar awo a ƙeya. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai: kada abin ya kai ga 'yarta Auta, wadda ke ji ras, da abin da Auta za ta haifa.

Da wata likitar kunne ta nemi a kawo mata jerin dangi don gano tushen kurumtar, mazan gidan suka gyara zama suka jero kakanninsu na wajen uba har bakwai, kowa na hura hanci. Wata uku ana kai takarda ana dawowa da ita, ba abin da ya haɗu. Sai Gwaggo ta share teburin yanka, ta ɗauki allin ɗinki, ta ce da muryar nan tata da ake ji tun daga bakin titi: "Ku tattara ubanninku ku ba ni wuri, uwaye nake so." Kafin la'asar duk kurame goma sha ɗayan sun haɗu a kan mace ɗaya, kakarta ta wajen uwa. Gwajin gado da aka yi da yawun dangi ya gaskata allinta. Likitar ta bayyana mana cewa a cikin ƙwayoyin jikin mutum akwai wasu ƙananan murhuna masu mayar da abinci ƙarfi, ana ce musu mitokondiriya, suna da ɗan allonsu na gado daban, daga uwa kaɗai ake karɓarsa. A allon wannan dangi harafi ɗaya ne ya sauya, shi ya sa kunnensu ba ya jure wa waccan allurar. Namiji yana ɗauke da shi amma ba ya miƙa wa 'ya'yansa, dalilin da ya sa take kiran mai wannan sanarwa ɗan cin arziki ke nan, ta kuma ɗora masa muƙamin kakaki, wai a mori kunnen banza da bakin da ba ya gajiya.

Daga wannan teburin ƙungiya ta tashi. Yau gida sittin da biyu ke riƙe da katin gargaɗin kada a yi musu waccan allurar, kuma cikin shekara shida ba wanda ya ƙara kurumcewa a cikinmu. A watan jiya Auta ta haihu, bayan kwana uku jaririn ya kwanta da zazzaɓi, har an zuƙi allurar, sai Auta ta miƙa kati, ma'aikaciyar jinya ta karanta ta sauya magani. Yaro ya warke, gwajin kunne ya fito sumul. Gwaggo ba ta yarda da takarda ba: kwanakinta na ƙarshe ta yi su tana sakin murfin tukunya a ƙasa don ta ga ya zabura, tana dariya har da hawaye, Auta na roƙonta ta bar yaro ya yi barci.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga Auta da maigidanta, da ƙanen marigayiya, da ɗaukacin dangi na uwa da na uba, don yau kam ba za mu kori kowa ba. Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka makwancinta, Ya sa ta ji kiran shiga Aljanna da kunnenta, Ya ba iyalanta haƙuri da juriyar wannan babban rashi.

Masu zuwa gaisuwa sun saba ɗaga murya a wannan gida. Muna roƙon a sassauta, domin yanzu akwai jariri mai jin ku a ɗaki.

Sa hannu:
Gajere Mai Gyaran Waya
Kakakin Ƙungiyar Iyalan da Allura Ta Kurumtar