Sarƙar hagu bayan azahar

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025
An kawo katafila don haƙa tafki a bayan gidana, nan Kekun Waje. Direbanta Sabiru, magidanci daga Tsafe, ya roƙi kwana a zaurena. Na ba shi tabarmar matata Uwani. Tun rasuwarta ba wanda ya shimfiɗa ta.

Alhamis, 10 ga Afrilu
Na fitar da kujera gindin darbejiya, na wuni ina kallo. Warin man nan ya mai da ni zamanin da nake tuƙa irinta a aikin hanya. Tawa ba ta da gilashi, ba ta da sanyi a ciki. Amma ƙarar ɗaya ce. Yau na ci tuwo da mutum.

Asabar, 12 ga Afrilu
Ɗiyata Huseina ta bugo daga Gusau. Maganar dai ita ce: Baba ka dawo wurinmu, an gyara maka ɗaki. Na ce mata ina da baƙo.

Talata, 15 ga Afrilu
Katafilar ba ta da lafiya. In Sabiru ya ce ta tafi gaba, sarƙar ƙafarta ta dama ta ja, ta hagu ta yi nauyi, sai ta riƙa karkata kamar ni in na tashi ba sanda. Kamfani ya turo makaniki daga Gusau, Emmanuel. Haihuwar Sabon Gari ne, Hausarsa ta fi ta jikokina. Ya iso da hantsi, ya sa aka kafa bokitin haƙarta a ƙasa aka ɗaga gefe ɗaya, aka juya sarƙar a sama, sannan ɗaya gefen. Duka lafiya. Ya ɗaura gejin auna ƙarfin mai, ya ce famfon mai bai da laifi. Ya sha shayi a wurina, muka yi hirar tsofaffin injuna. Kafin azahar ya kama hanya, don ba mai son yamma ta same shi a kanta yanzu.

Juma'a, 18 ga Afrilu
Jiya Emmanuel ya sake zuwa, ya sake samunta garau. Ya ce wa Sabiru ko dai katafilar tsoronsa take ji. Sabiru bai yi dariya ba. Shi a ganinsa laka ce ke riƙe ta, wani lokaci ta yi, wani lokaci ta bari.

Ni na gani. Ba ta taɓa karkata da safe ba. Sai rana ta take, mai ya yi zafi ya tsinke, sannan ƙarfin ya zube ta wani wuri a ciki. Emmanuel kullum sanyinta yake tararwa. Mai zaman banza a gindin bishiya ne kawai zai lura.

Ban faɗa ba. In ta warke, aikin mako guda ya rage.

Lahadi, 20 ga Afrilu
Ista ce, Emmanuel bai zo ba. Na dafa shayi na mutum uku, da mantuwa.

Talata, 22 ga Afrilu
Sabiru bai taɓa tuwonsa ba. Kamfani ya ce sau biyu makaniki bai ga komai ba, to direban ne ke wasa da aiki, za a turo wani direban ranar Litinin. Sabiru ya ce ƙaramar ɗiyarsa Jamila ta fara tafiya, bai gani ba. Ya nuna mini a waya. Na ce Allah ya raya. Na daɗe ina kallon tabarmar.

Laraba, 23 ga Afrilu
Emmanuel ya sake zuwa da safe, ya same ta garau. Da ya fara haɗa kayansa na riƙe masa hannun riga. Na ce ya tsaya har la'asar, in hanya ta rufe zaure na nan. Sabiru ya ce, "Baba, mi kag gani?" Na faɗa musu. Emmanuel ya dafe kai, ya ce ai kuwa bai taɓa jin zafin tankinta ba.

Bayan azahar aka ɗaga ta. Sarƙar hagu tana juyawa da ƙyar. Ya musanya tiyon dama da na hagu daga sama, ciwon bai bi tiyo ba, ya tsaya a hagu. Ke nan ba famfo ba ne, laifin yana ƙasa. Ni na ce injin da ke juya sarƙar ne. Ya gwada, ba shi ba ne. Ashe robar mahaɗar tsakiya ce ta cinye, inda mai ke ratsawa daga sama zuwa ƙafafu. Nan ya fi ni.

Sabiru ya tambaye ni yaushe na lura. Na ce kwanan nan. Ya dube ni, ya zuba mini shayi.

Mu uku muka kwana a gidan.

Asabar, 26 ga Afrilu
An sa sabuwar roba. Tana tafiya miƙe kamar an ja mata zare. Kowa ya yi murna. Ni ma.

Asabar, 3 ga Mayu
Sun tafi jiya. Sabiru ya naɗe tabarmar ya jingine ta inda ya same ta. Tafki ya yi zurfi, saura ruwa. Sawun sarƙa biyu na nan a ƙofar gida, na hana a share.

Emmanuel ya ce garejinsu bai da nisa da unguwar su Huseina, kuma akwai benci a inuwa. Ba wai zan koma ba ne. Na dai tambaye ta ko ɗakin nan yana da wurin shimfiɗa tabarma.